Maganin Dabbobi: Kwalabe Da Yawa, Gidaje Kaɗan

Zuwa ga Edita,

 Ga ni kuma a filin nan da ka saba ba ni. Wannan mako zancena a kan magungunan dabbobi ne, watau waɗanda ake ba shanu da tumaki da awaki don kashe tsutsar ciki da kaska da sammore da makamantansu.

Na sani waɗansu malamai za su ce, ina ruwan akawu da garke? To, ku dakata ku ji. A ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum da wuya ka shiga gida ba ka iske akuya ko tunkiya a turke ba, ita ce kuwa asusun talaka. Ran ciwo, ran suna, ran biyan kuɗin makaranta, ita ake ja zuwa kasuwa. Ga shi kuma shekarun nan na satar shanu da rashin kwanciyar hankali sun rage wa mutane garkunansu, sun hana ma'aikatan dabbobi shiga ƙauyuka da yawa, har ya zamana mai dabba shi ne likitan dabbarsa. Ya tafi kasuwa ya sayo kwalba, rubutun da ke jikinta na Turanci ne, wa zai kai wa ya karanta masa? Ai mu ne, akawuna da malaman makaranta da duk wanda Allah ya ba karatu. In mun karanta masa daidai dabbarsa ta tashi, in mun yi masa kame-kame ya yi hasara biyu, ta kuɗin magani da ta dabba.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan: kwalaben da kuke gani jere a rumfar mai magani suna da yawa, amma gidajen da suka fito kaɗan ne ƙwarai. Kowace kwalba tana da suna biyu. Akwai babban suna da kamfani ya laƙaba mata don ciniki, wanda ake rubutawa da manyan harufa kusa da hoton sa mai ƙiba. Akwai kuma ƙaramin suna a ƙarƙashinsa, shi ne sunan asali, shi ke faɗa maka ɗan gidan wa ne. Kwalabe goma masu launi goma suna iya zama magani guda. Wanda ya san gidajen nan ba a cutarsa a kasuwa, ba ya kuma ba dabba maganin ciwon da ba shi ke damunta ba.

Kafin mu shiga gidajen, sai mu raba rigakafi da magani, don mutane suna gama su. Dattawa suna tuna bushiya, wadda ta riƙa share garke sarai. Allurar rigakafi ce ta kashe ta, ɗakin binciken dabbobi da aka kafa a Vom cikin 1924 ya yi aiki babba a wannan yaƙi, har cikin 2011 aka yi shela ta ƙare a duniya duka. To, tsutsa da kaska da sammore ba mu da rigakafi irin wannan a hannunmu. Magani kaɗai ke gare mu, shi kuwa magani yana tsufa in an wulakanta shi.

Mu fara da tsutsar ciki. Mafi ɓarna cikinsu ga tumaki da awaki wata 'yar siririya ce mai jan zane, tsawonta bai wuce gaɓar yatsa ba, tana manne a tumbin ƙarshe tana shan jini. Macen takan saki ƙwai 5,000 zuwa 10,000 kowace rana, su fita cikin kashi, su ƙyanƙyashe a ciyawar damina, dabba ta sake kwasa. Alamarta ita ce cikin fatar ido ya yi fari, ƙarƙashin haɓa ya kumbura kamar an zuba ruwa, dabba ta riƙa zama baya ga garke. Sau da yawa ba ta ko zawo, sai dai a wayi gari ta faɗi. Masana a Zariya sun nuna in damina ta yi nisa 'ya'yan tsutsar nan sukan lafe a bangon tumbi, su yi barci har rani ya wuce, sa'an nan su farka.

Gidaje uku ne manya ke yaƙi da ita a kasuwanninmu. Na fari shi ne gidan farin ruwa, irin wanda ake ɗura wa dabba a baki, ko ƙwaya babba da ake tura mata. Kakansu tayabendazol ya fito cikin 1961, jikokinsa su ne albendazol da fenbendazol da 'yan'uwansu. A jikin kwalba za ka ga wutsiyar sunan an rubuta ta haka, bendazole. Aikinsu shi ne su hana tsutsa cin abinci har yunwa ta kashe ta a hankali. Suna da sauƙin hali, amma a kiyaye abu guda: ba a ba albendazol ga dabbar da ta ɗauki ciki ba da daɗewa ba, watau wata na farko ga tunkiya da akuya, kwana 45 na farko ga saniya, domin yana iya ɓata ɗan da ke ciki.

Gida na biyu na lebamizol ne, wanda ya fito cikin shekarun 1960. Shi sandarar da tsutsa yake yi, ta saki bangon hanji, ta fita da kashi. Yana da sauri, amma tsakanin awon da ke warkarwa da wanda ke cutarwa ba nisa. In an zarce za ka ga dabba tana dalalar da miyau tana makyarkyata, wani lokaci ta mutu. Ba a ba doki shi.

Gida na uku shi ne na ibamektin, wanda kowa ya sani da allurar Ivomec, da danginsa doramektin da moksidektin. Wutsiyar sunansu a kwalba ita ce ectin. Asalinsa abin mamaki ne: daga wata ƙwayar halitta da wani masani ɗan Japan, Satoshi Omura, ya samo cikin ƙasa, sa'an nan William Campbell da abokan aikinsa a Amurka suka gane amfaninta. An fara sayar da shi don dabbobi cikin 1981, daga 1987 kuma aka riƙa raba shi kyauta ga mutane don makantar da ƙudan bakin rafi ke kawowa, mutanen nan biyu suka sami kyautar Nobel cikin 2015. Shi shanye jikin tsutsa yake yi. Yana kuma kashe ƙwayar ƙazuwa da kwarkwata mai shan jini da tsutsar hancin tumaki. Saboda haka mutane suka ɗauke shi maganin kome, nan kuwa suka ɓata. Ibamektin shi kaɗai ba ya taɓa tsutsar hanta, ba ya taɓa sammore.

To, ga inda sanin gida ke da amfani. Mutum ya ba tumakinsa albendazol bai ga sauƙi ba, ya koma kasuwa aka ba shi wata kwalba mai sabon suna, ashe fenbendazol ce. A ganinsa ya sāke magani, alhali kuwa ƙanen na jiya ya sayo. Tsutsar da ta gagari wan, ta gagari ƙanen.

Maƙiyi na biyu ita ce tsutsar hanta, mai faɗi kamar ganye, wadda mahauta suka fi kowa saninta, don su ke yanka hanta su iske ta ta yi tauri tana da hanyoyi farare. Wannan ciwon fadama ne. Ba ta iya kama dabba sai 'ya'yanta sun bi ta jikin wata 'yar katantanwa da ke zaune cikin ruwa mai kwanciya, su fito su manne a ciyawar bakin ruwa. Da rani, sa'ad da tudu ya bushe, garkuna sukan taru a fadamun Gulbin Zamfara da tafkunan da ambaliya ta bari, nan suke kwasarta, ciwon kuwa ba ya bayyana sai bayan watanni, lokacin da abinci ya yi ƙaranci. Maganinta gidansu dabam: oksiklozanaid, wanda sau da yawa ake gama shi da lebamizol cikin kwalba guda, da allurar nitroksinil, da kulosulon wanda ake gamawa da ibamektin. Albendazol ma yana kashe manyanta in an ƙara awo bisa ga umurnin takarda. Amma galibinsu manya kaɗai suke kashewa, ƙananan da ke cikin tafiya a naman hanta su tsira. Wanda ke kama har ƙanana shi ne tirikilabendazol, da ya fito cikin 1983. Ku lura da shi, wutsiyar sunansa irin ta gidan farin ruwa ce, amma ba ya kashe tsutsar hanji, hanta kaɗai ya sani.

Maƙiyi na uku sammore ne. Wannan ba tsutsa ba ce, ƙwaya ce a cikin jini da ido ba ya gani, ƙudan tsando ke ɗaukarta, waɗansu ƙudaje masu cizo kuma suna iya yaɗa wani irinta. Shanun da suka tafi cin rani kudu su suka fi komowa da shi: rama, farin ido, gashi a tsaye, saniya ta zubar da ciki. Tun zamanin Turawa aka kafa ma'aikatar binciken wannan ciwo a Kaduna. Duk da haka, ku ji abin tsoro. Magungunan da muke dogara gare su biyu ne. Akwai diminazin, rawayan gari, wanda aka sani da Berenil, ya fito cikin 1955. Akwai isometamidiyam, jan gari, wanda aka sani da Samorin, ya fito cikin 1961, shi da homidiyam gida ɗaya suke. Na fari warkarwa yake yi ya fita jiki da wuri, yana kuma maganin ciwon jan fitsari da kaska ke kawowa. Na biyu yakan zauna a jiki ya tsare saniya wata biyu zuwa huɗu. Fiye da shekara 60 ke nan ba a kawo wa shanu wani sabon gida ba. A ƙasashen Afirka da yawa kuwa an riga an sami sammoren da ba ya jin ɗayansu, wani wuri ma ba ya jin duka biyun.

Ƙaramin ƙunshin Berenil na giram 2.36 an auna shi ne don saniya mai kilo 300. Wanda ya raba shi ga manyan shanu biyu don tsimi bai warkar da ko ɗaya ba, ya dai koya wa ciwon yadda zai jure. Kuma masu raƙuma su ji da kyau: diminazin guba ne ga raƙumi, yana da haɗari ga jaki da kare.

Maƙiyi na huɗu kaska ce da sauran ƙwarin fata. Ban da jinin da take sha, ita ke buɗe wa kirci ƙofa, ita ke kawo zazzaɓi iri-iri. Gidajen maganinta da aka fi samu uku ne: tsohon gida mai wari irin su dayazinon, da gidan saifametirin da deltametirin masu wutsiyar thrin, da amitiraz. Dukansu guba ne, sai a dama su da ruwa daidai yadda takarda ta ce, mai wankan ya rufe hannunsa da hancinsa, kada a zubar da ragowar inda yara ko kifi za su same shi. Amitiraz ba na doki ba ne ba na jaki ba, yana ɗaure musu ciki. Fiya-fiya kuwa da maganin feshin gona ba a yi su don jikin dabba ba sam. Akwai wata kaskar shanu baƙuwa da aka fara gani a Afirka ta Yamma a ƙasar Kwaddebuwa cikin 2007, ta yaɗu har ta iso Nijeriya, an san ta a duniya da saurin gagarar magani. Wannan ma dalili ne na mu yi hattara da abin da ke hannunmu.

Yanzu sai mu tambaya, yaya magani ke tsufa? Cikin tsutsa dubu akwai 'yan kaɗan da Allah ya halitta da taurin rai. In an ba dabba cikakken awo, galibinsu ma sun mutu. In an ba ta rabi, raunana su mutu, masu taurin su rage, su ne za su yi ƙwai su cika makiyaya da irinsu. In kuma ana ɗura wa garke duka magani guda kowane wata, ba a bar raunana ko kaɗan da za su gauraya da su ba. Yau da gobe sai ka ga kwalbar da ta yi aiki bara, bana kamar ruwa. Ba tatsuniya ba ce. Tayabendazol ya fito 1961, kafin 1964 ta ƙare an sami tsutsar tumaki da ba ta jinsa. Ibamektin ya fito 1981, cikin 1988 aka ba da labarin irin wannan a tumakin Afirka ta Kudu, har waɗansu masu kiwo a can suka bar kiwon tumaki. Bayan ibamektin sai da aka yi shekara 28 kafin wani sabon gidan maganin tsutsar tumaki ya fito, cikin 2009, a ƙasar Niyuzilan. Ku duba, tsutsa shekara uku ko bakwai ta ishe ta, masu bincike kuwa sai kusan talatin.

Akwai wani darasi kuma da ƙasarmu ta biya da tsada. Cikin 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta ta ƙasar Anka da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum. Kafin a gane abin da ke kashe yaran, agwagi sun riga sun mutu, ba wanda ya kula. Dabbar da ta ci dalma takan makance, ta riƙa cizon haƙora tana zagaye wuri guda. Ba kwalbar da na ambata a sama da za ta yi mata amfani. Ashe ba kowace rama ce tsutsa ba: akwai yunwa, akwai guba, akwai ledar da akuya ta haɗiye. Kuma mutuwar dabbobi barkatai a gari labari ne da ya kamata ya kai kunnen mai unguwa da ma'aikatan lafiya tun da wuri, ruwa ba ya tsami banza.

To, mene ne aikinmu mu masu karatu in an kawo mana kwalba?

Na ɗaya, mu nemi ƙaramin suna, mu faɗa wa mai ita ko ɗan wane gida ne, da abin da yake kashewa da abin da ba ya kashewa. Mu duba lambar NAFDAC da ranar da maganin zai lalace. Wanda aka shanya a rana bisa tabarma, ko wanda arharsa ta yi yawa, a bar wa mai shi kayansa, gama jabu ya yi yawa cikin magungunan sammore musamman.

Na biyu, awo. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A nan ƙima ba ta isa ba. Allurar ibamektin irin ta kullum ml 1 ce ga kowane kilo 50 na nauyin dabba, ƙarƙashin fata. Akwai tef da ake zagaya ƙirjin sa da shi ya nuna nauyinsa, mutanen unguwa guda suna iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya. In za a ba tumaki masu girma kusan ɗaya, a auna da mafi nauyinsu. Akuya kuwa jikinta yana fid da magani da sauri fiye da tunkiya, awonta dabam ne, a tambayi malamin dabbobi.

Na uku, a ba mai bukata. Wani likitan dabbobi na Afirka ta Kudu, Faffa Malan, shi da abokansa suka fito da dabarar duban ido: a ja fatar idon tunkiya ƙasa, in ja ce wur a ƙyale ta, in ta soma kodewa a ba ta magani. Da damina a riƙa dubawa kowane mako biyu. Wannan ya rage kashe kuɗi, ya kuma ƙara wa magani kwana. Ƙanana da masu shayarwa su aka fi sa wa ido. Dabbar da aka sayo daga kasuwa a ware ta kwana kaɗan a yi mata magani kafin ta shiga garke.

Na huɗu, kwanakin jira. Kowace kwalba ta ƙwarai tana faɗin kwana nawa za a yi kafin a ci nama ko a sha nono. Allurar ibamektin takan wuce wata guda a jikin sa, ba a kuma yi wa saniyar da ake tatsa don mutane. Mai turken ragon layya da ya yi masa allura saura mako guda salla, iyalin wani ya ciyar da magani. Haka nonon da ake kaiwa kasuwa a dama fura. Wannan amana ce tsakanin mai kiwo da mai saye. Har taki ma yana ɗauke da ragowar ibamektin, tana kashe buzuzun da ke binne kashin shanu a gona.

Na biyar, a rubuta. Ɗan littafi na naira kaɗan ya isa: rana kaza, dabba kaza, magani kaza, awo kaza. Ran da aka sami likita, ko aka kai kashi ofishin dabbobi a duba da madubin likita, littafin nan zai nuna wane gida ya gaji a garken, a koma wani.

Ban manta da magungunan iyayenmu ba. Fulani sun daɗe suna jiƙa sassaƙen maɗaci da na marke don tsutsa, masana a jami'o'inmu kuma suna bincikensu. Amma abin da ya fi kowane sassaƙe cikin hikimarsu shi ne sāke makwanci, da kauce wa ruwa mai kwanciya, da cire kaska da hannu kowace safiya, da ƙoshi. Dabbar da ta sami harawa da dusa da kanwa tana jure tsutsar da za ta kā da mai yunwa.

Ina roƙon sarakunanmu da hakimai da shugabannin ƙananan hukumomin nan uku su sa ido kan masu tallar maganin dabbobi ran kasuwa, su kuma taimaki malaman dabbobi su kai ga jama'a. Malaman makaranta kuwa, ku koya wa yara manyan aji karanta takardar kwalba, domin galibinsu 'ya'yan masu kiwo ne, da maraice su za a miƙa wa. Ba a fafe gora ran tafiya. Gidajen nan kaɗan su ne gadon da muka tarar, in mun lalata su ba mu da tabbacin wani zai zo da wuri.

Iyakar maganata ke nan. Wanda ya ga gyara, musamman ma'aikatan dabbobi da ardo-ardo, ya rubuto wa Edita mu ƙaru. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa albarka cikin garkunanmu, amin.

Naku,
Akawu, Gummi.